Zafin fitsari ba kullum ne "sanyi" ba: fashin baƙi kan ciwon mafitsara

Kwanakin baya ina tsaye a kemis ɗin unguwarmu ina jiran canji sai ga wata baiwar Allah ta shigo, ta matso dab da kanta ta rage murya ta ce wa yaron shagon "Malam a ba ni maganin sanyi." Wallahi ko tambaya ɗaya bai yi mata ba, bai ce ina ke miki ciwo ba, bai ce tun yaushe ba, bai ma tambaya ko tana da juna biyu ba, kawai ya miƙa hannu ya yanko Ampiclox guda huɗu, Flagyl guda shida, ya haɗa da wata ƙwayar matsi ya ƙulle a farar leda ya ce sau biyu a rana. Ta biya ta fita. Ni dai na bi ta da ido, don na san yadda labarin yake ƙarewa, za ta ɗan ji dama-dama kwana uku, bayan sati biyu abin ya dawo, ta koma ta ce wai sanyin nata mai naci ne, daga nan sai wajen mai lasifika a bakin tasha da ke tallan maganin sanyi da basir da dattin mara duk a jarka ɗaya.

Matsalar daga sunan ta fara. Kalmar "sanyi" ko "infekshin" a bakinmu ta zama buhu, komai zubawa ake yi a ciki. Ƙaiƙayin gaba da farin abu mai kamar kindirmo, sanyi. Ruwa mai ƙarni, sanyi. Mugunya na fita daga gaban namiji, sanyi. Ciwon mara, rashin haihuwa, ciwon baya, har kasala, duk sanyi. Alhali waɗannan cututtuka ne daban-daban, ƙwayoyin da ke kawo su daban, maganinsu daban. Mai farin abu da ƙaiƙayi galibi fangas ne, kuma antibayotik ba ya kashe fangas, ƙara masa ƙarfi ma yake yi saboda yana share ƙwayoyin kirki da ke gadin wurin. Mai mugunya kuma galibi gonoriya ce ko kilamidiya, su ne ake ɗauka ta saduwa, kuma da su aka fi sanin kalmar ciwon sanyi tun asali. Wanda nake son mu tsaya a kansa yau shi ne ciwon hanyar fitsari, wanda za ku ga likita ya rubuta UTI a kati, shi kuma nashi labarin daban ne.

Hanyar fitsari ba ta da wuyar ganewa. Ƙoda biyu suna can baya ƙarƙashin haƙarƙari suna tace jini, daga kowacce akwai siririn bututu da ke gangaro da fitsarin zuwa mafitsara, mafitsara ta tara, idan ta cika sai wani bututu guda ɗaya ya fitar da shi waje. Fitsari sauka yake yi. Ciwon kuma hawa yake yi, ƙwayar cuta ta shigo ta ƙofar waje ta hau zuwa mafitsara ta manne a jikin bangonta ta fara hayayyafa, in an bar ta ta ci gaba da hawa har ƙoda. Kuma ƙwayar nan mafi yawan lokuta ba baƙuwa ba ce, sunanta E. coli, a hanjin kowannenmu take zaune lafiya lau ba ta cutar da kowa, sai ta bar gidanta ta faɗa inda ba nata ba sannan ta zama fitina. Ita ke jawo kamar kashi 75 zuwa 90 cikin ɗari na ciwon mafitsara na yau da kullum, sauran su Klebsiella da Proteus da 'yan uwansu su raba ragowar.

To me ya sa mata suka fi fama? Tsayin hanya ne kawai. Bututun fitsarin mace kamar santimita 4 ne, na namiji ya kai kusan 20, ga shi a jikin mace ƙofar fitsari da dubura maƙwabtan juna ne, tafiyar ba nisa. Shi ya sa kusan rabin mata ko fiye sai sun gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa, kuma cikin waɗanda suka yi, kamar ɗaya cikin huɗu zai dawo mata kafin wata shida. Wannan lissafin har da matan Turai da Amurka masu banɗakin tayil da ruwan famfo awa 24, don haka maganar wai ƙazanta ce ke kawo shi a daina jifar mata da ita.

Nan ne zan ɗan tsaya, don abin na ci min tuwo a ƙwarya. Sau nawa aka ɓata zaman gida a kan wannan ciwon? Amarya sati biyu da tarewa ta fara zafin fitsari, dangin ango su fara ƙus-ƙus wai da abinta ta zo, dangin amarya su ce ai shi ya shafa mata. Gidan da ke da mata biyu kuma shikenan an samu abin faɗa, uwargida ta ce tun da aka kawo yarinyar nan ba ta ƙara samun lafiya ba. Gaskiyar magana ita ce saduwa tana iya tura ƙwayar da ke jikin matar ita kanta zuwa cikin bututun fitsari, shi ya sa sababbin amare suke yawan kamuwa, har likitocin Turai suna masa laƙabi da ciwon amarci. Ba wanda ya shafa wa wani. Idan gwaji ya nuna ciwon mafitsara ne zalla, maigida ba sai ya sha magani ba, kishiya ma haka. Amma idan gonoriya ce ko kilamidiya, to nan kam dole kowa ya sha, miji da duk matansa a lokaci ɗaya, in ba haka ba zagaye za ta yi ta yi a gidan. Kun ga amfanin a san wanne ne kafin a fara zargin juna. Haka batun wai a masai ake ɗauka, har ake cewa infekshin ɗin toilet, shi ma ba shi da tushe, tsugunno a banɗakin wani ba ya saka wa mutum ciwon mafitsara. Abin da banɗaki mai datti yake jawowa shi ne riƙe fitsari, yarinya a makarantar kwana ko 'yar kasuwa ko mai tafiya daga Kano zuwa Legas a mota ta ƙi shan ruwa ta matse tun safe har dare, fitsarin ya kwanta a mafitsara ƙwayoyi su samu lokacin yaɗuwa.

Alamominsa in yana mafitsara sanannu ne, raɗaɗi lokacin fitsari kamar an zuba barkono musamman wajen ƙarshe, zuwa banɗaki akai-akai kuma in an je ɗan tsurut ne zai fito, jin kamar ba a gama ba, matsuwa ta gaggawa, nauyi ko ciwo a mara, fitsarin ya yi duhu-duhu kamar an dama abu, wani lokaci da wari, wani lokaci har da jini. Abin lura, in akwai waɗannan kuma babu fitar ruwa ta gaba babu ƙaiƙayi, to ya fi kama da mafitsara. In ruwa da ƙaiƙayi ne suka fi yawa, to a duba wani wajen.

Inda abin yake daina zama wasa shi ne idan ya hau ƙoda. Zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari har haƙora na haɗuwa, ciwo a kwiɓi ko gefen baya wanda in an ɗan bubbuga wurin mutum sai ya zabura, tashin zuciya da amai. Mu kuma a nan duk zazzaɓi maleriya ne, in bai ji magani ba a ce taifod, sai a yi kwana biyar ana ɗura maganin maleriya alhali ƙoda ce take ruruwa. Daga ƙoda ƙwayar na iya faɗawa cikin jini, jini ya yi ƙasa, numfashi ya yi sauri, mutum ya rikice, wannan yana kashewa cikin kwana ɗaya biyu. Duk mai zafin fitsari da ya fara zazzaɓi ko amai, ba kemis ba, asibiti a ranar.

Sai gwaji. Kala biyu ne aka fi yi. Akwai na take-yanke, wata 'yar siririyar takarda ake tsomawa cikin fitsarin, cikin minti biyu launinta ya canja in akwai alamar ƙwayoyin cuta ko sojojin jini, yana taimakawa amma yana iya kuskure. Sai babban, wanda ake rubuta MCS, shi shuka ake yi, a ɗebi fitsarin a shafa a kan wani faranti mai abincin ƙwayoyi a saka a na'urar ɗumi, bayan kwana ɗaya zuwa biyu a ga wace ƙwaya ce ta tsiro, sannan a jera mata magunguna a ga wanne ke kashe ta wanne take wa dariya. A takardar sakamakon za ku ga S a gaban wasu magunguna, ma'ana suna aiki, R kuma ma'ana ta fi ƙarfinsu. Ma'aunin nan na ƙwaya 100,000 a kowace mililita da ake yawan gani a takardar, wani likita ɗan Amurka Edward Kass ne ya kafa shi tun shekarun 1950, kuma yanzu an san mace mai alamomi sosai tana iya samun ciwon ko da adadin bai kai haka ba.

Amma fa gwajin nan yadda aka kawo fitsarin haka zai ba da amsa. Na taɓa ganin wani dattijo ya kawo na matarsa a robar lemo da aka ɗauraye, tun na asuba, sai bayan azahar ya iso da shi a aljihun babbar riga cikin zafin nan. Me za a shuka a ciki? Duk abin da ya tsiro ba a san daga ina yake ba. Yadda ake so, a karɓi kwalbar ɗakin gwaji mai murfi, a yi tsarki da ruwa zalla, a fara fitsarin a ƙasa, a tari na tsakiya, a rufe, a miƙa kafin awa biyu. Kuma a bayar kafin a fara shan antibayotik, don da yawa sai sun gama shan na kemis sannan su zo, sakamako ya fito ba abin da ya tsiro, su ce leb ɗin ba su iya aiki ba.

Ba kowace mace ce sai ta jira shuka ba, gaskiya. Mace mai lafiya, ba ciki, ba zazzaɓi, alamomi a fili, karo na farko, likita na iya ba ta magani kai tsaye. Amma mai ciki, namiji, yaro, mai ciwon suga, wadda abin ke dawo mata, ko wadda ta sha magani kwana biyu ba canji, su kam sai da shuka.

Maganin kuma ba tarkace ba ne, ƙwaya ɗaya ce da ta dace, a sha ta adadin kwanakin da aka ce. Wanda aka fi farawa da shi a ciwon mafitsara shi ne naitrofurantoin, tsohon magani ne tun 1953 amma har yau yawancin E. coli ba su gagare shi ba, ana shan sa kwana 5, a Ingila ma kwana 3 suke ba mata, a sha da abinci don yana tayar da zuciya, kuma yana mai da fitsari ruwan ƙasa-ƙasa kar a tsorata. Sai dai a mafitsara kawai yake taruwa, ba ya maganin wanda ya hau ƙoda, ba a ba mai ciki da ta kusa haihuwa, ba a ba mai raunin ƙoda, kuma masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ba baƙon abu ba ne a cikinmu musamman maza, yana iya farfasa musu jini. Akwai fosfomaisin, gari ne a 'yar leda giram 3 a kaɗa a ruwa a sha sau ɗaya an gama. Septrin a da shi ne sarki, kwana 3, amma ƙa'idar likitoci ita ce kar a fara da shi a inda fiye da kashi 20 na ƙwayoyin suka daina jin sa, mu kuwa mun wuce nan tuni, binciken da aka yi ta yi a asibitocin koyarwa na Najeriya yana nuna galibin E. coli na fitsari ba sa jin Septrin da ampisilin. To ku tuna Ampiclox huɗun da aka ba baiwar Allahn can, ampisilin ɗin ne a cikinsa. Flagyl kuwa dama ba ya taɓa E. coli sam.

Cipro fa, wanda ake sha kamar gyaɗa? Yana aiki in ƙwayar na jin sa, kuma yana isa ƙoda, shi ya sa ya kamata a adana shi don ranar da ake buƙatarsa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka tun 2016 ta ja kunne kar a riƙa ba da shi da danginsa a ƙaramin ciwon mafitsara in akwai wani zaɓi, saboda yana iya tsinka jijiyar agara ya kuma taɓa jijiyoyin jiki. Wanda ya hau ƙoda kan ɗauki kwana 7 zuwa 14, in ana amai ko jiki ya yi laushi sai an kwantar an yi allurai irin su seftriyazon da ƙarin ruwa. Namiji ko a mafitsara ne kwana 7 ake ba shi.

Wannan shan rabi-rabin da muke yi shi ke horar da ƙwayoyin. Ka sha guda huɗu, raunanan su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, gobe maganin ya zama ruwa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, E. coli ce a kan gaba, kuma yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Sababbin magunguna suna fitowa jefi-jefi, a 2025 Amurka ta amince da wani mai suna Blujepa, amma ku da kanku kun san kafin ya iso kemis ɗin unguwa da kuma kuɗin da za a saka masa.

Masu juna biyu nasu daban ne. Ciki yana sassauta bututun ƙoda, mahaifa kuma tana danne su, fitsari ya riƙa jinkirin sauka, don haka ƙwaya na iya zama a fitsarin mai ciki ba zafi ba komai, kwatsam ta hau ƙoda, ta jawo naƙuda kafin lokaci ko a haifi bakwaini. Dalilin karɓar fitsari a wajen awo ke nan, ba neman kuɗi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an ga ƙwayar a mai ciki a ba ta magani na kwana 7 ko ba ta jin komai. Abin mamaki a tsofaffi akasin haka ne, tsohuwa na iya samun ƙwaya a fitsari shekara da shekaru ba ta damunta, in ba alamomi ba a so a yi ta ɗura mata antibayotik.

Namiji in ya yi, a tambayi dalili. Saurayi mai zafin fitsari da ɗigar mugunya a fara duba cututtukan saduwa. Dattijo da ya haura 50 kuma sau da yawa furostet ce, wata 'yar ƙulluwa da ke ƙarƙashin mafitsara, ta kumbura ta matse hanya, fitsari ba ya ƙarewa, yana tashi sau huɗu biyar da dare. Tsakuwar ƙoda, ciwon suga da ba a kula da shi ba, da robar fitsari da ta daɗe a jiki, duk suna buɗe ƙofa. Jarirai kuwa ba za su ce yana musu zafi ba, zazzaɓi ne kawai da ƙin nono da amai, don haka yaron da aka gwada ba maleriya kuma zazzaɓin ya ƙi sauka a duba fitsarinsa. A yara masu ɗan wayo yawan taurin bayan gida na daga cikin abin da ke sa ya yi ta dawowa.

Wani abu da littattafan Turai ba za su dame ku da shi ba amma mu dole mu sani, yaron da ke wanka a kududdufi ko dam ko yake aiki a fadamar shinkafa, ya zo yana ɗigar jini a ƙarshen fitsari, wannan a fara tunanin tsargiya. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata, antibayotik ba ya mata komai, maganinta prazikwantel ne, kuma in an bar ta shekaru tana lalata mafitsara har ta kai ga kansa.

Rigakafi fa? Wanda ya fi hujja shi ne mafi arha, ruwa. An yi gwaji a Bulgeriya da mata 140 masu yawan kamuwa kuma ba sa shan ruwa sosai, aka buga sakamakon a 2018, rabinsu aka ce su ƙara lita ɗaya da rabi kullum, wato ledar fiya wata guda uku ke nan, a shekara ɗaya masu ƙarin ruwan suka kamu kamar sau 1.7, sauran kuma sau 3.2. Kusan rabi. Ku kwatanta da mu da watan Afrilu ke kai mu sama da digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga azumi in ya faɗo a bazara, sai a rama tsakanin buɗa-baki da sahur. Kar a riƙe fitsari. Wajen tsarki da buta a wanke gaba tukuna sannan baya, kar hannu ya dawo daga baya zuwa gaba. Yin fitsari bayan saduwa hujjarsa ba ta da ƙarfi sosai amma ba ya cin ko sisi, a yi. Abin da nake roƙon mata su bari shi ne wanke ciki da Dettol ko sabulu mai ƙamshi da cushe-cushen matsi da ba a san me aka haɗa ba, suna kashe ƙwayoyin da ke tsaron wurin ne su bar wa E. coli fili.

Wadda yake dawo mata sau 2 a wata shida ko sau 3 a shekara, ita ce likitoci ke kira mai maimaituwa, kuma akwai abin yi fiye da canja kemis. A yi shuka kowane karo, a gwada suga, in da hali a yi sikanin a ga ko akwai tsakuwa ko fitsari na saura a mafitsara. Matan da al'ada ta ɗauke musu sau da yawa bushewar gaba ce sila, kuma man istirojin, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa in al'ada ta ɗauke, da ake shafawa a wurin yana rage dawowar sosai. Wasu ana ɗora su a kan ƙaramin antibayotik kullum da dare na kamar wata shida, wasu ƙwaya ɗaya bayan saduwa kawai. Akwai kuma metenamin, shi ba antibayotik ba ne, a cikin fitsarin yake rikiɗa ya zama abin da ke hana ƙwaya zama, wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2022 ya nuna bai yi ƙasa da antibayotik na kullum ba sosai wajen rigakafi. Lemon kiranberi, wani jan ɗan itace na ƙasashen waje, da ake ta tallatawa a intanet yana ɗan rage dawowa ga wasu matan, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kama, ga tsada, ga suga cike da yawancin na kwali.